Gilashin gaban a-kori-kura: yadda za ka tsare shi daga tsakuwa, zafi da tsagewa

Ka zauna da masu a-kori-kura a Zariya, ko masu ɗauko masara daga Giwa ne, ko masu jigilar tumatir daga Hunkuyi da rake daga Makarfi, ko direbobin Hilux na ma'aikatu da 'yan kwangila, ba za a yi nisa da hira ba sai wani ya kawo kukan gilashi. Maganar ɗaya ce: gilashin yanzu ba shi da ƙwari, ɗan dutse kaɗan sai ka ga tsaga ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kamfanonin ƙera motoci sun rage kaurin gilashi a motoci da dama don rage nauyi da shan mai. Amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Yawancin gilasan da nake gani jingine a bangon gareji, ɗan tabo kawai tsakuwa ta bar musu tun farko, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Abin da ya ƙarasa su shi ne abin da ya biyo baya: ƙura, ruwan wanki, rana, ramuka da lodi. Waɗannan kuwa duk suna hannun mai mota da direbansa.

Fara da sanin abin da ke gabanka

Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne na gilashi, kowanne kaurinsa wajen milimita 2, an manne su da wata siririyar roba mai suna PVB a tsakiya, wadda kaurinta bai cika milimita ɗaya ba. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara ta haɗa gilashi da roba a 1909. Amfaninta shi ne ko gilashin ya fashe, robar na riƙe da gutsattsarin, ba za su watso wa mutanen da ke ciki a fuska ba. Gilasan ƙofa da na baya a yawancin motoci iri dabam ne: falle ɗaya ne da aka gasa, ya fi jure duka, amma ranar da ya fashe sai ya rududduge gaba ɗaya, ba shi da gyara.

Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zan faɗa. Idan tsakuwa ta bugi gilashin gaba, fallen waje kaɗai take ji wa ciwo a mafi yawan lokuta. Na ciki da robar suna nan lafiya, don haka akwai damar gyara matuƙar an yi hanzari.

A-kori-kura ta fi ƙaramar mota shan wahalar gilashi saboda dalilai na zahiri. Gilashinta ya fi miƙewa tsaye, don haka dutse kan same shi gaba da gaba, ba ya zamewa ya wuce sama kamar yadda yake yi a gilashin da ke kwance. Gidan direba kuma a kan shasi aka ɗora shi, shasin nan yana murɗawa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami sauran suna tudu, musamman in an yi lodi ya wuce kima. A motocin zamani gilashin manne yake da bodi da gam, yana cikin abin da ke tallafe rufin mota, don haka wani kaso na murɗawar nan yana isa gare shi. Ga kuma hanyoyin da take bi. Motar da kullum tana tsakanin burji da kwalta, tana shiga gona tana fita, tana bin tifa a hanyar Soba ko ta Funtuwa, ba za a haɗa ta da motar da ba ta wuce PZ zuwa Samaru a cikin Zariya ba.

Karanta tambarin da ke kusurwa

Je ka duba ƙasan gilashinka, kusurwar dama ko ta hagu. Akwai ɗan rubutu da aka buga a jiki. Nemi kalmar LAMINATED, wadda ke nuna falle biyu ne. Nemi AS1, alamar Amurka ta gilashin da aka amince a sa a gaban direba. Za ka iya ganin harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa, da 43R a kusa, wato an gwada shi bisa ƙa'idar da Turai da wasu ƙasashe ke bi, ko CCC idan an yi shi don kasuwar China. Sunan kamfanin ma yana nan: AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit, Fuyao, XYG da sauransu. Idan ka ga TEMPERED a gilashin gaba, ko babu tambari sam, to ka sa a ranka za ka canza shi da zarar hali ya samu, domin wannan ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake yi lokaci guda kana cikin gudu.

Tuƙi: inda ake rage rabin matsalar

Dutsen da tayar tirela ta cillo sama ba shi ke zuwa maka da gudu ba, kai ne kake zuwa masa. Yana tashi sai iska ta rage masa ƙarfi, sannan ka iso ka yi karo da shi da duk gudun da kake yi. Ƙarfin bugun kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun ya ninka sau huɗu. Mai gudun kilomita 120 yana karɓar bugun da ya fi na mai gudun 80 fiye da ninki biyu. Dutsen da zai yi ƙara kawai ya wuce a 80, shi ne zai bar tauraro a 120.

Saboda haka ka ba babbar mota tazara. A gudun kilomita 80 kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tazarar daƙiƙa huɗu ta kusa mita 90, kuma yawancin duwatsun sun riga sun faɗi ƙasa kafin ka iso. Yadda ake aunawa: ka lura da wata alama a gefen hanya, falwaya ko allo, in motar gabanka ta wuce ta sai ka ƙirga ɗaya zuwa huɗu a natse kafin kai ka iso wurin. Tifa mai ɗauke da tsakuwa ko yashi ba tare da tamfol ba, wannan ko dai ka wuce ta da zarar hanya ta buɗe lafiya, ko ka ja baya sosai. Mafi muni shi ne ka manne mata a gindi kana leƙe kana neman wucewa na tsawon kilomitoci. Tayoyin baya na tirela da suke bibbiyu su ma suna maƙale dutse a tsakaninsu, su sake shi in an hau kwalta an ɗauki gudu, shi ya sa babbar motar da ta fito daga burji ta hau titi ta fi haɗari a mintunan farko.

Inda ake aikin hanya, ko aka zuba sabuwar tsakuwa, ko aka karkatar da motoci hannu ɗaya kamar yadda masu bin hanyar Kaduna zuwa Kano suka sha gani a shekarun da aka yi ana sake gina ta, rage gudu kawai. In mota na tahowa ta gabanka a kan tsakuwa, sassauta totur ka ɗan raɓa dama.

Akwai al'adar da direbobi da yawa suka gada, ta dafa gilashi da yatsa ko tafin hannu in za a gifta da babbar mota. Na san da niyyar kirki ake yi, amma dafawa daga ciki ba ta hana dutse ɓalgace fallen waje, kuma ta raba hannunka ɗaya da sitiyari a daidai lokacin da iskar tirela ke tura motarka. Riƙe sitiyari da hannu biyu ya fi maka.

Kai ma kada ka zama mai fasa na wasu. Tayoyin a-kori-kura masu manyan haƙora suna tsintar dutse, don haka in robar da ke rataye bayan tayarka ta yage, mayar da ita.

Mintunan farko bayan ka ji "ƙas"

A nan ne nake son a fi mai da hankali, domin nan ake cin riba ko a yi asara. Ka ji ƙarar dutse, to da zarar ka sami wurin tsayawa mai aminci, sauka ka duba daga waje. Kada ka wadatu da leƙe daga kujera, domin baƙin zanen da ke zagaye da bakin gilashi da kuma ƙarƙashin waifa suna ɓoye tabo.

In ka same shi, kada ka wanke, kada ka tofa masa yawu ka goge da hannun riga, kada ka soka masa tsinke don ka ga zurfinsa. Hure ƙurar da ke kai, ka share kewayen da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka yanko farin salatif mai faɗi ka manna a kai ta waje, ka danne gefunansa da babban yatsa. Shi ke nan. Salatif ba ya hana tsaga tafiya, aikinsa shi ne ya hana ƙura da ruwa shiga ramin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙurar hunturu ta Zariya ba ta buƙatar ƙofa mai faɗi. Tabon da ya cika da ƙura ko ruwan sabulu, ko an zuba masa gam ba ya kamawa da kyau, kuma datti yana nan a ciki kana ganinsa kullum. Don haka ka ajiye salatif a aljihun dashbod, kusa da takardun mota.

Daga nan sai ka shafa gilashin ta ciki da farce, daidai wurin tabon. In santsi ka ji, fallen ciki lafiya yake. In farcenka ya maƙale, to bugun ya ratsa duka biyun, wannan ya wuce gyara.

Abu biyu da zan roƙe ka ka bari: sufa gulu da jan farce. Mutane na zuba su da zaton sun toshe ramin. Bakin kawai suke rufewa, ba sa shiga cikin siraran tsagar, kuma bayan sun bushe mai gyara ba shi da hanyar da zai tura nasa gam ɗin. Goga tafarnuwa ma ba ta ɗinke gilashi.

In akwai tsaga mai tsawo, ɗiga alama da alƙalamin maka a ƙarshenta ta ciki. Gobe da safe ka duba. In ta wuce alamar, tafiya take yi.

Gyara ko canji?

Ga ma'aunin da ke aljihun kowa. Tabon da murfin kwalbar lemo zai rufe shi ruf, wato wajen santimita biyu da rabi, galibi yana gyaruwa, ko zagayayye ne ko mai ƙafafu irin na tauraro. Tsagar da ba ta kai tsawon takardar naira dubu ba, wato santimita 15, ƙwararre kan iya tsayar da ita. Abin da ya wuce haka, ka fara shirin sabon gilashi.

Amma wurin da tabon yake ya fi girmansa muhimmanci. In yana cikin faɗin yatsu uku daga bakin gilashi, ko tsagar daga baki ta faro, ba kasafai gyara ke riƙe ta ba, domin a bakin ne gilashi ke ɗauke da matsi tun daga masana'anta, kuma nan murɗawar bodi ke fara isa. In yana daidai saitin idon direba, ko an gyara zai bar ɗan dishi-dishi, wanda da dare fitilar mai tahowa za ta riƙa watsuwa a kansa. In kuma ka ga kewayen tsagar ya yi fari-fari kamar hazo a cikin gilashin, ruwa ya riga ya kai ga robar tsakiya ta fara saki. Duk waɗannan canji ne. Ka kuma tuna tuƙi da fasasshen gilashin gaba yana cikin laifuffukan da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kai.

Wurin mai gyara

Aikin kansa bai cika wuce rabin awa ba. Mai gyara zai share ramin ya fitar da ɓarɓashin gilashi, wani lokaci ya ɗan huda fallen waje da siririn abin huji don ya buɗe hanya. Zai kafa wata 'yar na'ura mai ƙafafun roba a kan gilashin, ya saita bakinta daidai ramin, ya zuƙe iskar da ke ciki, sannan ya tura wani ruwan gam garai-garai da ake kira rezin. In kana kallo ta ciki za ka ga baƙin da ke cikin ƙafafun tauraron yana ɓacewa ɗaya bayan ɗaya yayin da gam ɗin ke cika su. Daga nan a rufe da 'yar leda, a haska masa fitilar UV, wadda haskenta ke busar da gam ɗin kamar na rana, ko a fitar da motar rana ya daskare, a kankare saman da reza. A inuwa ake tura gam ɗin, gilashi yana da sanyi, domin rana na daskarar da shi tun bai gama shiga ba. In ka ga mutum na shirin yi maka a tsakiyar rana gilashi na ƙuna, ce masa, "Malam, don Allah mu matsa inuwa ya huce tukuna."

Kada ka sa ran tabon zai ɓace ɗungurungum. Zai bar ɗan ɗigo. Abin da ka saya shi ne tsayar da tsaga. Tambayi kanikawa da masu gyaran bodi a Sabon Gari wa ke wannan aiki da na'ura, in ba a dace ba Kaduna ba ta fi kilomita 80 da 'yan kai ba. Akwai kuma ƙaramin kwalin gyara da ake sayarwa don mai mota ya yi da kansa. Yana aiki a kan ƙaramin zagayayyen tabo sabo, in an bi umarnin da ke jiki, amma dama ɗaya ce, in gam ya daskare bai cika ba babu sakewa.

Zafi, sanyi da ƙura

Gilashi yana buɗewa in ya ɗauki zafi, ya tsuke in ya huce. In wani sashe ya yi zafi wani ya yi sanyi lokaci guda, sai su ja juna, kuma duk inda tabo yake nan ne zai ba da kai. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke dosar digiri 40, motar da ta wuni a rana gilashinta ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ka shigo ka ƙure esi, ka juya iskar tana bugun gilashi kai tsaye, to kai ka ja tsagar da hannunka. Sauke gilasan ƙofa tukuna zafin ya fita, ka kunna esi a hankali, iskar ta nufi ƙafa da fuska. Haka nan kada a kai mota wurin wanki da tsakar rana a watsa mata ruwan rijiyar burtsatse tana ƙuna. Da hunturu kuma akasin haka ne: safiyar Disamba da Janairu wasu kan zuba ruwan zafi don wanke raɓa da ƙura. Ruwa mai ɗan ɗumi ko na famfo ya isa. Ajiye mota a inuwa in da hali, amma ba ƙarƙashin mangwaro ko giginya lokacin da suke zubar da 'ya'ya ba.

Ƙura tana da tata ɓarnar da ba a gani sai an daɗe. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, don haka duk wanda ya kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, ko ya goge da busasshen tsumma, karce gilashin yake yi. Gilashin da ya sha karce yana kashe ido da hantsi da kuma dare, kuma ya fi saurin tsagewa in dutse ya same shi. Koya wa yaron motarka wannan tun ranar farko: ruwa tukuna, sannan tsumma. Kada tankin ruwan waifa ya zauna babu ruwa, kuma a daina zuba masa garin sabulu, yana busar da roba yana toshe bututun. Robar waifa a ranarmu ba ta cika wuce shekara ba, canza ta kafin ruwan farko na damina, tun ƙarfen bai fara jan layi a gilashi ba.

Sai ƙafar mota. Shokozoba da ta mutu, robar bushin da ta cinye a ƙarƙashin gidan direba, iskar taya da mai faci ya ƙure don a ɗauki lodi sannan aka ci gaba da yawo da ita haka babu kaya, duk suna aika girgiza ga gilashi. In gilashi ya tsage maka sau biyu daga wuri ɗaya a baki ba tare da dutse ba, kada ka sayi na uku sai an duba waɗannan, an kuma duba ko bodin ya taɓa karkacewa a haɗari.

In canji ya zama dole

Zaɓi uku ne a kasuwa, ko a nan gida, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano: sabo mai tambarin kamfanin motar, sabo na wani kamfanin gilashi, da na Beljiyam da aka ciro daga wata mota. Sabon gilashi na sanannen kamfani mai cikakken tambari ya wadatar. Kafin ka biya, a tsayar maka da shi, ka hangi falwaya ko wayar lantarki ta cikinsa kana motsa kai hagu da dama. In layin yana lanƙwashewa, bar shi, zai riƙa sa ka ciwon kai a doguwar tafiya. Na Beljiyam kuwa ka ɗaga shi saitin rana ka ga yawan ƙananan tabbai, ka bi bakinsa da yatsa a hankali, domin wayar da aka yanko shi da ita kan ɓalgace baki, daga nan tsaga ke farowa bayan 'yan makonni.

Sai dai hannun da ya sa gilashin ya fi sunan da ke jikinsa tasiri. Tsaya a wurin a yi a gabanka. In an cire tsohon, duba bakin ƙarfen da gilashi ke zama a kai. In akwai tsatsa, a kankare ta a shafa firama, wato fentin share fage da ke kare ƙarfen, ta bushe kafin a ci gaba, domin tsatsa na kumbura ƙarƙashin gam ta tura gilashi, kuma ruwa ya riƙa yoyo kan dashbod da damina. Tambaye shi kai tsaye: "Oga, wane gam za ka sa, kuma awa nawa zai yi kafin in hau hanya?" Baƙin gam na yuretan da aka yi don gilashin mota shi ne daidai. Silikon na tagogin gida ba ya riƙe gilashi a haɗari, alhali jakar iska ta gefen fasinja a motoci da yawa da gilashin take jingina in ta buɗe. A zuba gam ɗin layi ɗaya ba yankewa, mutum biyu su ɗora gilashin sau ɗaya, kada ya taɓa ƙarfe tsirara a ko'ina.

Tsofaffin Fijo 404 da 504, irin waɗanda suka yi suna tun zamanin da ake harhaɗa su a Kaduna, nasu da roba ake sa shi, a ja da igiya. In robar ta bushe ta yi tauri, sayi sabuwa tare da gilashin, kuma kada a bari a tura baki da sukundireba.

Bayan an gama, bar motar ta huta aƙalla awa ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikin gam ɗin in ya fi haka. Ranar farko ka bar gilasan ƙofa a ɗan sauke, a rufe ƙofa a hankali, domin iskar da bugun ƙofa ke matsewa na iya ɗaga gilashin daga gam ɗin da bai gama kamawa ba. Kada ka yi lodi ko ka shiga hanya mai gargada a ranar, kada ka cire salatif ɗin da aka riƙe shi da shi sai washegari, kuma injin wanki mai feshi da ƙarfi ya jira kwana biyu. Daga nan ka zuba ruwa a hankali ta saman gilashin wani yana ciki yana duba yoyo, sannan ka hau titi ka saurara ko za ka ji ƙarar iska na shigowa ta gefe. In motarka sabon samfurin Hilux ce ko Ranger mai kyamara a bayan madubin tsakiya, gaya wa mai sayarwa tun kafin ya ɗauko gilashin, domin nata yana da mazaunin kyamara, kuma bayan an sa shi sai an sake saita kyamarar da kwamfuta kafin ka dogara da birkin gaggawa da gargaɗin fita layi.